Kantar Malam Ɗantani

A ofishin 'yan albasa na Aliero,
inda ko takarda ka shinshina sai ka yi hawaye,
na gaji kujera mai ƙafa uku da rabi
da kwamfutar Malam Ɗantani.

Shekara tara yana zuba lissafi a jadawali,
buhu nawa, na wane, a wace mota,
har yana ta rufe masa ido.

Can saman allo ya kafa wata 'yar kanta,
ya jera mata maɓallai goma sha ɗaya,
kowanne da sunan da shi ya raɗa masa:
Awo. La'ada. Kuɗin Dako.
Ruɓa, mai hoton kwandon shara,
mai zare buhu biyu cikin ɗari kafin a fara gardama.
Motar Fatakwal.
Bashin Alhaji Noma, wanda don tsawonsa
ya ci maɓalli guda shi kaɗai.

Makiro ake ce musu.
Ka yi aiki sau ɗaya na'ura na kallo,
ta haddace shi kamar yaron shago,
gobe da dannawa ɗaya layi dubu sun shiga sahu.

Sai ƙungiya ta sayo sabuwa, 'yar tafi-da-gidanka.
Na kwashe fayil, na kwashe kanta, ina hura hanci.
Ranar kasuwa na danna Awo. Shiru.
Na danna La'ada, allo ya ce bai san ta ba.
Ashe ƙyamare na ɗauko,
ɗakunan suna cikin tsohuwar,
ita kuwa tuni an wanke mata ciki.

Dillalai bakwai a kaina,
ni da kalkuleta mai mataccen sifili
har aka kira magariba.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Sabiyal.
Na same shi gindin darbejiya
yana tsince irin albasa da yatsu kawai.
Tun kafin in gama sallama ya ce,
"Saude, mi ya mace?"
Na ce duka.

"To buɗe. Kunna ɗauka. Ni ka faɗi, ke ka dannawa.
Kama ginshiƙi na huɗu. Ninka shi da farashi.
Layin kai ki daskare shi, kak ya gudu.
Tsaya. Ba shi suna. Ɗora shi bisa kanta."
Idonsa a kan reshe,
hannunsa na yawo a tabarma yana neman linzami.
Sau uku na ɓata Ruɓa, sau uku muka sake,
har batir ya yi ja.
Goma suka farfaɗo.

Na ce saura ɗaya, na ƙarshe daga dama,
marar hoto, mai suna Haƙuri.
Me yake yi?

Ya yi dariya har iri ya zube.
"Wanga ba ya komi.
Ƙidaya yakai, ɗaya, biyu, har minti ya cika.
In dillali ya taso miki da wuta a baki,
danna shi, ki ce na'ura na tunani.
Kahin ta ƙare ya zamna,
wani lokaci har ruwa ya roƙa."

Yanzu kantar tawa ce.
Na sauke Motar Fatakwal, direban ya koma noma.
Na ɗora Turin Waya, na ba shi koren launi.
Na adana makiro wuri biyu,
na uku a littafi, da biro, mataki-mataki.
Alhaji Noma har yau bai biya ba,
maɓallinsa na nan daram.

Haƙuri na bar shi inda yake.
Jiya sau biyu na danna shi:
ɗaya don Dikko mai awo, da ya rantse an cinye masa buhu shida,
ɗaya bayan la'asar,
ba kowa a ofis,
sai ni da fanka.